Yadda Mutanen Layi Za Su Gina Kwatar Da Ba Ta Kwantar Da Ruwa a Unguwar Awon Igiya

A unguwar awon igiya gida ne ke riga hanya zuwa. Mai gona ya yanka filaye, dillali ya sayar, kowa ya yi gini gwargwadon ƙarfinsa, ɗan abin da ya rage tsakanin katanga da katanga shi ake kira layi. Ba wanda ya zauna ya tambayi inda ruwan sama zai bi. Haka gefen Kano ya cika, daga Rimin Kebe zuwa Dorayi da Bachirawa, kuma kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwa an cike da yawansu da shara an ɗora gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Idan Agusta ta zo sai ya bi ta zaure, ya kwanta a gindin katangar ƙasa har ta jiƙe ta zauna, ya cika masai ya kwaso abin da ke ciki ya kai bakin rijiya.

Yana da kyau a san yawan ruwan da ake magana a kai. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce. Gida mai faɗin ƙafa 30 da tsawon ƙafa 50 ya kai murabba'in mita 140, don haka ruwan milimita 30, wanda ba wani abin mamaki ba ne a tsakiyar damina, zai sauke masa lita 4,200, wato duro 21. Layi mai gida 20 ya haura duro 400 ke nan, ban da wanda ya zuba a kan hanyar kanta, kuma yawancinsa cikin awa ɗaya yake sauka. Buhunan yashi a bakin ƙofa ba za su tare wannan ba. Maƙwabci kawai suke tura wa.

Kwata ɗaya mai kyau, wadda aka auna ta daga farkon layi zuwa ƙarshensa, tana ɗauke wannan ruwan. Abin da ke kashe yawancin kwatocin unguwa shi ne kowa ya gina ta ƙofar gidansa shi kaɗai, da birkilansa, da zurfin da ya ga dama. Wannan ya yi ƙafa biyu, na kusa da shi ya yi ƙafa ɗaya, na gaba bai yi ba sam. Abin da aka samu a ƙarshe jerin kwatamai ne masu baƙin ruwa da wari.

A fara da inda ruwan zai fita

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, mutum uku ko huɗu su bi layin da ƙafa har inda ruwansa yake ƙarewa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ana tsaka da ruwa ko da zarar an ɗauke, domin a sannan ƙasa ke faɗin gaskiya. A lura da inda ruwa ke gudu, inda yake tsayawa, da layukan da ke zubo nasu cikin naku. A sa alamar fenti a jikin katanga daidai inda ruwa ya tsaya. In damina ta riga ta wuce, tabon danshi a jikin bango da tarin leda da kara da ruwa ya bari za su nuna, tsofaffin layin ma sun san inda ya kai a shekarar da ya fi yawa.

Mafita iri uku ce: babban lambatu na bakin titi, kwari ko rafi, ko kududdufi. Kowacce ce, a auna zurfinta. Ƙasan kwatarku, a inda za ta haɗu da babban lambatu, dole ya kasance sama da ƙasan lambatun da aƙalla santimita 15, in da hali ma sama da inda ruwansa ya saba tsayawa. In kwatar layi ta fi lambatun zurfi, ranar da ya cika ruwansa ne zai biyo ta ya shigo muku gida, kun kashe kuɗi kun buɗe masa ƙofa. A kuma haɗa su a karkace, ta fuskar da ruwan lambatun yake tafiya, kada a yi masa karo kai tsaye.

In lambatun ya toshe da yashi, yashe shi ne aikin farko. In kuma babu mafita ko kaɗan, sai dai ku zuba wa layin da ke ƙasa da ku, to ku dakata. A kira mutanen wancan layin gaban mai unguwa a yi shiri ɗaya, su fara nasu ko a fara tare. Kwatar da ta tattara ruwan gida 20 ta juye shi ƙofar wani da ƙarfi zalunci ce, kuma ƙarshenta wani zai toshe bakinta da dare. Unguwar da har yanzu take da kududdufi ta riƙe shi da kyau, a hana zuba shara da yanka fili a bakinsa, domin babu kwatar da za ta maye gurbinsa.

Duk aikin da zai taɓa kwalta ko babban lambatun gwamnati yana buƙatar izini. A Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ake tunkara, a wasu jihohin takwararta, a Nijar ofishin magajin gari. A rubuta takarda da sa hannun mai unguwa, a haɗa da zanen layin ko da na hannu ne, a ajiye kwafi.

Awon gangara

Nan ne aikin yake tsayawa ko ya faɗi, kuma nan ne aka fi yin ganganci, domin ido yana ruɗi. Layin da kowa zai rantse ya gangara gabas sau da yawa yana da doro a tsakiya.

Ba a buƙatar na'ura. Tiyon roba mai haske da magina ke ɗaukar lebur da shi ya isa, mai tsawon mita 12 zuwa 15. A cika shi da ruwa daga bokiti har duk kumfar iska ta fita. Kumfa ɗaya da ta maƙale a tsakiya tana iya karkatar da awo da santimita biyu ko uku, don haka kafin a fara a haɗa bakunan biyu wuri ɗaya a tabbatar ruwan ya tsaya daidai a dukkansu. Kada a bar rabin tiyon a rana rabi a inuwa, kada kuma wani ya taka shi ana awo.

A kafa turaku a gefen da kwatar za ta bi, kowace mita 10 turke ɗaya, daga mafita zuwa saman layi. A turken farko, na bakin mafita, a ja layi da fensir a wani tsayi mai sauƙin gani, misali mita ɗaya daga ƙasa. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo a nan har ruwa ya tsaya daidai kan layin, ɗayan ya sa alama a turke na biyu inda ruwan ya tsaya a nasa bakin. Haka za a yi ta tafiya har ƙarshe. Yanzu duk alamomin suna kan lebur ɗaya. A auna daga kowace alama zuwa ƙasa a rubuta a littafi: inda awon ya fi tsawo nan ne kwari, inda ya gajarta nan ne tudu.

Gangarar da ake so ita ce santimita 1 a kowace mita 1, wato santimita 10 tsakanin turke da turke. Da wannan ruwa yana gudu da ƙarfin da zai tafi da yashi. In ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ana iya sauka zuwa santimita 5 tsakanin turke da turke, amma kada a yi ƙasa da haka, kuma sai an yi wa cikin kwatar shafe mai santsi sosai. Misali: an tsayar cewa ƙasan kwata a bakin mafita zai kasance santimita 170 ƙasa da alamar fensir. A turke na biyu zai zama 160, na uku 150, haka har sama. A rubuta lambar kowane turke a jikinsa da fenti. Birkila ba ya buƙatar wani zane bayan wannan, igiya kawai zai ja daga turke zuwa turke.

Lissafin zai iya nuna cewa a saman layi kwatar ta fito sama da ƙasa, ko a tsakiya ta yi zurfin da ya wuce mita ɗaya. In haka ta faru, ko a rage gangarar zuwa ta santimita 5, ko a raba ruwan gida biyu daga kan doron, rabi ya bi gabas rabi yamma, in akwai mafita ta can. Inda kuma gangara ta yi yawa, kamar unguwannin gefen dutse, ruwa zai riƙa cin ƙasan kwata. A irin wannan wurin ana yin ta hawa-hawa kamar matakala, kowane mataki santimita 20 zuwa 30, da kankare mai kauri a inda ruwan ke faɗowa.

Mutane da kuɗi

Layi shi ne ma'aunin wannan aiki. Unguwa gaba ɗaya ta yi girma, ba a san juna ba, kuɗi yana shiga ya ɓace. Gida ɗaya kuma ya yi kaɗan. A Orangi, wata babbar unguwar marasa galihu a birnin Karachi na Pakistan, shirin da Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara a 1980 a kan haka ya ginu: kowane layi mai gida 20 zuwa 40 ya zaɓi mutum ɗaya daga cikinsa, ya tara kuɗinsa, ya shimfiɗa bututunsa, masana su ba da awo da shawara da aron kayan aiki, manyan magudanai kuma su zama alhakin hukuma. Nasu bututun ƙarƙashin ƙasa ne na ruwan banɗaki, namu buɗaɗɗiyar kwata ce ta ruwan sama, amma rabon aikin ya dace da mu: na cikin layi namu, babban lambatu na gwamnati, kuma a kansa ne ya kamata a matsa wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma.

Kwamiti kada ya wuce mutum biyar. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai sayen kaya daban. A nemi mace ɗaya ko biyu da za su shiga gida-gida su ji ta bakin matan aure, domin su ne suka san ta inda ruwa ke shigowa tsakar gida da inda ruwan wanke-wanke ke fita, kuma su ne za su yi amfani da kwatar kullum. Duk Juma'a a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallacin layi.

A yanka wa kowane gida kasonsa da buhun siminti da adadin bulo, kada a yanka da naira. Farashi yana motsi kafin a gama tarawa, kuma wanda ya biya a watan farko zai ga kamar an cuce shi in aka dawo neman ciko. Mai son kawo buhunsa da kansa ya kawo. Amma kada a tara siminti ya daɗe: wanda ya wuce wata biyu ko uku a ajiye, musamman a ƙasa ba katako, yana dunƙulewa ya rasa ƙarfi. Gara a biya dila a karɓi rasit a riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan.

Kuɗin gini na mai gida ne, ba na ɗan haya ba. Mai gidan hayar da ke zaune wata unguwa ta hannun mai unguwa ake samunsa, ko a yi yarjejeniya a rubuce 'yan haya su biya a cire daga kuɗin haya. Gwauruwa da gidan marayu da tsohon da ba shi da mai taimako a ɗauke musu tun a zaman farko a raba wa sauran, kada a tsallake ƙofarsu, domin gurbi ɗaya da aka bari yana lalata duka. Mai gidan wanka, mai wankin mota da mai injin markaɗe sun fi kowa zubar da ruwa, kasonsu ya fi na gidan zama.

Haƙa da ɗaukar ƙasa aikin gayya ne na matasa. Jera bulo da zuba kankare kuwa a ba birkila ɗaya ƙwararre daga farko har ƙarshe, a biya shi bisa mita, kuma a riƙe wani abu sai an gwada aikin da ruwa. A fara bayan damina, daga Nuwamba, a gama kafin Mayu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Girma da kayan aiki

Ga layi mai tsawon mita 100 da gida kamar 20, wanda ruwan kansa kawai yake ɗauka, kwata mai faɗin santimita 45 a ciki da zurfin santimita 45 ta wadatar. In wasu layuka suna zubo masa, a nemi injiniya ya lissafa, kada a yi kirdado. Kada faɗin ya gaza santimita 30 ko yaya, domin dole shebur ya shiga. Layin da faɗinsa bai kai mita 6 ba kwata ɗaya ta ishe shi, a gefen da ya fi kwari, sai a karkata fuskar hanyar zuwa gare ta da jar ƙasa, santimita 3 a kowace mita.

Lungun da bai kai mita 2 ba ba a haƙa masa rami. Ana dabe shi gaba ɗaya da kankare mai kaurin santimita 7 zuwa 8, gefe da gefe su gangaro tsakiya, ruwa ya bi ta tsakiyar kamar cikin kwano. Ya fi arha, tsintsiya ke share shi, kuma ba ya taɓa gindin katangar kowa.

Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. Kankaren ƙasan kwata: buhu 1, yashi kwano 6, tsakuwa kwano 12. Na murfi ya fi ƙarfi: buhu 1, yashi 4, tsakuwa 8. Shafe: buhu 1, yashi mai laushi kwano 8. Yashin ya zama na rafi mai kaifi. A damƙi jiƙaƙƙensa a hannu, in ya dunƙule ya bar laka a tafin hannu, akwai ƙasa a ciki, kankarensa zai yi ta marmashewa.

Ga mita 100, da bulo mai inci 6 jeri biyu kowane gefe: bulo 9 a kowace mita, wato 900, a ƙara 50 saboda fashewa. Shimfiɗar ƙasa mai faɗin santimita 85 da kaurin 10 za ta ci siminti kusan buhu 40. Jera bulo kusan 17, cike ramukan bulon da kankare kusan 22, shafe kusan 15. A taƙaice a yi lissafin buhu ɗaya ga kowace mita, buhu 100 ke nan, biyar-biyar ga gida 20, ban da murfi. A sa kuɗin ruwa a lissafi, domin a rani 'yan garuwa za a saya wa, kuma aikin yana shan ruwa fiye da yadda ake zato.

Bulon kasuwa da ake buga 50 ko 60 daga buhu ɗaya ba ya jure zama cikin ruwa. A sa a buga na musamman, kada ya wuce 35 a buhu, a shayar da shi mako guda. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗaga shi daidai ƙugu a sake shi a kan ƙasa mai tauri. In ya tarwatse, a bar wa mai shi kayansa.

Ginin kansa

Daga mafita ake fara haƙa a yi sama, don in ruwan bazata ya sauka ko bututu ya fashe, ya sami hanyar fita. A haƙa mita 15 zuwa 20, a gina, a cike gefe, sannan a ci gaba. Ramin da aka bari buɗe na makonni yara da tsofaffi yake jira, kuma yana raunana gindin gini. A bar aƙalla santimita 60 tsakanin bakin rami da katanga, musamman ta ƙasa wadda ba ta da zurfin tushe. A tambayi kowane gida inda bututun famfonsa ya bi kafin diga ta same shi. Bututun ruwan sha ba ya kwana cikin kwata: in dole ya tsallaka, ya bi ta sama a cikin wani bututun da ya fi shi faɗi. Lokacin da aka ɗauke ruwan famfo, bututun da ke da ɗan tsagu yana zuƙo abin da ke kewaye da shi, ta nan taifot da amai da gudawa ke shiga randa.

A daddage ƙasan ramin sosai. Inda aka tarar da tsohuwar bola ko cikon shara, a kwashe har a kai ƙasa mai tauri a cike da jar ƙasa ana dannawa, in ba haka ba wurin zai zauna bayan damina ɗaya kwatar ta karye. A zuba kankaren ƙasa bisa igiyar da aka ja daga lambobin turaku. Washegari a jera bulo, a cike ramukansa. Bulon da ba a cike ba, tayar mota ɗaya a gefensa ta ishe shi.

Wajen shafe a sa birkila ya zagaye kusurwoyin ƙasa, cikin kwatar ya zama kamar kwarya maimakon akwati. Dalili shi ne a rani ɗan ruwan wanke-wanke ne kawai ke bi. A shimfiɗaɗɗen ƙasa yana bazuwa ya tsaya ya yi kore, a zagayayye kuwa yana taruwa tsakiya ya gudu.

Kuskuren da ake gani kusan kowace unguwa shi ne bakin kwata ya fi hanya tudu. Sai ka ga kwata a bushe, hanya kuma tafki. Saman bulon ya zo daidai da fuskar hanya ko ƙasa da ita kaɗan. Inda ba yadda za a yi, a bar ƙofa mai faɗin tafin hannu biyu kowace mita 3.

Kowace mita 25, da kuma dab da mafita, a yi akwatin tara yashi: wuri mai faɗin santimita 60 wanda ƙasansa ya fi na kwata zurfi da santimita 30. Layin da ba kwalta yashi yake zubarwa ba iyaka, gara ya taru inda shebur zai same shi. Gaban kowane kwalbati a kafa ragar rodi mai tazarar santimita 5, a jingine, don ta tare leda.

Sai shayarwa. Iskar hunturu tana busar da kankare kafin ya yi ƙarfi, ya fito fari yana tsattsagewa. A rufe shi da tsofaffin buhuna a jiƙa safe da yamma kwana 7 cur. A ba wani yaro wannan aikin a biya shi, domin in aka bar wa kowa ba mai yi. Kafin a sallami birkila a juye duro ɗaya na ruwa a saman layi a bi shi da ƙafa. Duk inda ya kwanta ya wuce kaurin yatsa, a gyara da shafe tun yana nan.

Murfi

Kada a rufe kwata da kankare ɗaya dogo. Abin da ba a iya buɗewa ba a iya yashewa, kuma kwatar da aka binne ƙarƙashin dakali ko shago ita ce ke fara toshewa. A buga murfi guntu-guntu: tsawo santimita 75, faɗi 50, kauri 7 da rabi, da rodi mai milimita 10 a tazarar santimita 15. Nauyinsa bai kai kilo 70 ba, mutum biyu za su ɗaga. Na ƙofar da mota ke shiga a kai kaurinsa santimita 15 da rodi mai milimita 12. Rodin a ɓangaren ƙasa na murfin yake zama, a ɗaga shi santimita 2 da rabi da 'yan duwatsu kafin a zuba, domin ta ƙasa murfi ke tsagewa in an taka shi. A sa alama a samansa don kada a kifa shi, kuma kada a ɗora masa nauyi kafin mako uku. A rufe ƙofofin gidaje, gaban makarantar allo da mahaɗar hanya. Sauran a bar shi buɗe inda ido zai riƙa gani.

Ruwan wanka, masai da rijiya

Kwatar layi ba ta bayan gida ba ce. Wannan a rubuta shi cikin yarjejeniya tun ranar farko, da tarar da mai unguwa zai tsaya a kai, kuma a sanar da dubagari. Gida ɗaya da ya juyo bututun shaddarsa ciki, ko ya buɗe ta cikin dare ana ruwa, ya mai da aikin kowa hanyar cuta.

Ruwan wanka da wanke-wanke na gida mai mutum 10 yana kai lita 200 zuwa 300 a rana. Inda ƙasa ke shan ruwa gara ya ƙare a cikin gida. Gwaji: a haƙa rami ƙafa ɗaya faɗi da zurfi, a cika shi da ruwa a bar shi ya kwana, washegari a sake cikawa a auna. In ruwan bai sauka inci ɗaya cikin awa ɗaya ba, ƙasar laka ce, ramin tsotse ruwa ba zai yi aiki ba, sai a kai shi kwata ta bututu mai inci 4. In yana sauka, a haƙa rami mai faɗin mita 1 da zurfin mita 1 da rabi, nesa da gindin katanga da mita 2 zuwa 3, a cika shi da fasassun bulo da manyan duwatsu, a rufe. Ko ta wace hanya, a bakin rariya a yi ɗan akwati mai raga da zai tare tuwo, toka da maiƙo, a kwashe shi duk mako. Maiƙo ne ke like ramin cikin shekara guda.

Masai kuma a ɗaga bakinsa santimita 30 sama da alamar fentin da aka sa ta ambaliya, a dabe kewayensa ya gangara waje. Ƙa'idar lafiya ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya, ƙasan ramin kuma ya kasance mita 1 da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a damina. A filin ƙafa 30 da 50 mita 30 ba ta samuwa, ga masan maƙwabta ta kowace kusurwa. Don haka ruwan rijiyar cikin gida a irin wannan unguwa na wanki ne da wanka. In dole a sha, a tafasa ko a sa maganin kulorin bisa umarnin da ke jikin kwalbar. A gina wa rijiyar baki mai tsayin santimita 70 zuwa 80, da daɓe mita 1 kewaye, da murfi, da guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa.

Bayan an gama

Shara ce ke cin kwata, musamman ledar ruwa. Muddin gida ba shi da inda zai kai shararsa, yaron da aka aika da bokiti kwata zai juye, ko ya jira hadari ya taso. Kwamitin da ya yi gini shi zai ɗauki mai kura ɗaya ko biyu su bi gida-gida sau biyu a mako, kowane gida ya biya ɗan abu, a kai inda motar hukumar kwashe shara take ɗauka, a Kano ta REMASAB. A tabbatar da inda mai kurar yake juyewa, domin wasu kwarin bayan unguwa suke kai wa, wanda shi ne mafitar kwatarku.

Kowane gida ya share ta ƙofarsa, akwatunan yashi kuma a raba su ga gidajen da ke kusa, a kwashe bayan kowane babban ruwa, a rani kuma duk mako don kada sauro ya hayayyafa a ruwan da ke kwance ciki. Babbar yasa sau biyu ce a shekara, a Mayu kafin ruwa ya kankama da kuma Oktoba. A Kano Asabar ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ta dace da wannan tunda kowa yana gida da safe. Abin da aka yaso kada a tara shi a bakin kwata da sunan ya bushe a kwashe daga baya, ruwan farko zai mai da shi inda ya fito. A tanadi baro da kura a ranar, masu shiga ciki su sa takalmin roba da safar hannu, a kwashe kafin azahar. A kuma bar buhu biyu ko uku na siminti a lissafin kwamiti kowace shekara, domin tsagu da murfin da ya karye a like su a watan da aka gan su.